Kowa ya ce "mun yarda" a zaure, yanzu suna biyo ni rumfa da ƙorafi

Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta masu fataucin albasa a nan Garwa. Mu 31 ne, kowa yana zuba sefa 10,000 a wata, yau shekara uku ke nan, asusu ya ɗan haura miliyan 11. Da kuɗin muke ba juna rance idan albasa ta yi araha a kakarta. A taron da ya wuce, shugabanmu, wani Alhaji aminin mahaifina wanda shi ya tsaya mini na samu rumfa, ya kawo shawarar mu sayi tsohuwar babbar mota a kan miliyan 9 da rabi, mu huta da kuɗin haya zuwa Ngaundere da kudu. Da ya gama ya ce, "Ko akwai mai magana?" Dattawa uku da ke kusa da shi suka ce madalla, sauranmu muka ce mun yarda, aka shafa fatiha. Har da ni, alhali raina bai kwanta ba. Tun daga ranar mutum tara sun same ni a rumfa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa kada in sa hannu. Kuɗi ba sa fita sai da hannuna da na Alhaji. Mai motar kuma ya ce Juma'ar sama yake son kuɗinsa, don akwai wani mai so. In na sa hannu na ci amana, in na ƙi na ci fuskar wanda ya yi mini rana. Ina mafita?

Ma'aji, Garwa

Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji.

Kada ka sa hannu a makon nan, kuma kada bakinka ya furta cewa ka ƙi. Abin da za ka nema shi ne a sake zama, a sake yin tambayar ta hanyar da mutum zai iya amsawa ba tare da idon Alhaji yana kansa ba. Domin har yanzu ƙungiyarku ba ta yanke komai ba. An dai yi amshi.

Duba yadda zaman ya tafi. Babba ya fara magana, ya faɗi abin da yake so tun kafin a ji ta bakin kowa. Uku suka sa albarka. Wanda zai ce uffan bayan wannan, ba mota zai soka ba, dattawa huɗu zai tsallake a gaban jama'a. "Ko akwai mai magana?" a irin wannan wuri rufe ƙofa ne, kowa ya sani. Ka kuma zauna ka lissafa a ranka: cikin mutum 30 ɗin nan, nawa Alhaji ke bi bashi, nawa ne surukansa, 'ya'yan nawa ke aiki a ƙarƙashinsa, nawa ya tsaya wa kamar yadda ya tsaya maka? In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Kada ka ɗauka rashin zuciya ne na mutanenku kaɗai. A farkon shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki, ya nuna musu kati mai zane ɗaya, da wani katin mai zane uku, ya ce kowa ya faɗi da baki wanne ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Amsar a fili take, ko yaro zai gani. Sai dai duk 'yan ɗakin an haɗa baki da su, in ban da mutum ɗaya da ake zaunarwa kusa da ƙarshen layi. Cikin zagaye 18, a 12 sai su faɗi amsar ƙarya baki ɗaya. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, kuma a jimilla sama da sulusin amsoshinsu a waɗannan zagaye sun bi jama'a. Da aka bar mutane su amsa ba mai matsa musu, kuskure bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ka lura, waɗannan ba bashi a tsakaninsu, ba auratayya, ba za su haɗu a masallaci gobe da asuba ba.

Abu uku daga gwajin nan za su yi maka aiki. Ba sai taro ya yi yawa ba: mutum uku da bakinsu ya zo ɗaya sun isa su karkatar da na huɗu, ƙari a kan haka bai cika canza komai ba. Dattawanku uku ne, ka gani. Na biyu, da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin a zo kan wanda ake gwadawa, bin jama'a ya faɗi zuwa wajen rubu'in yadda yake. Ko da mai saɓawar wata amsar kuskure ya faɗa dabam, fasa haɗin bakin kaɗai ya saki harshen mutane. Na uku, da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye, yawancin matsin ya tafi.

Masu amshi kuma iri biyu ne, maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda ya san ba ya so, kunya ta danne shi. Wannan sirri yake bukata. Akwai wanda ya ji shakka, ya ce a ransa, "Alhaji ya fi ni sanin hanya, tunda dattawa sun yarda ƙila ni ne ban gane ba." Wannan ko ka ba shi ƙuri'ar ɓoye, abin da ya ji a zaure zai jefa. Shi lissafi yake bukata a gabansa.

Yanzu ga abin da ba lalle ka so ji ba. Mutum taran nan da ke zuwa rumfarka, kada ka ɗauke su a matsayin gaskiyar da aka ɓoye. Wanda ya yi wa Alhaji amshi a zaure yana iya yi maka amshi a rumfa, musamman in ya karanci fuskarka, ko kuma yana jiran rance daga hannunka. Ba mamaki wani cikinsu ya bi ta ƙofar Alhaji da dare ya yi masa barka da wannan dabara. Kuma abin da suke nema a wurinka shi ne ka zama garkuwa: su sun tsira da mutuncinsu, kai ka ɗauki baƙin jini. In ka sa hannu mota ta mutu, kai za a nuna. In ka ƙi, kuɗin haya ya tashi baɗi, kai za a nuna. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Gaskiyar magana, ba kai ba Alhaji, ba wanda ya san mutum nawa ke son motar nan. Ku goma ne in an haɗa da kai, saura 21, kuma 21 ita ce mafi ƙarancin adadin da ya cika kashi biyu cikin uku na 31. Maganar tana iya rataya a kan mutum ɗaya.

Kafin ka taka ƙofar kowa, ɗauko takardar dokokin ƙungiyarku ka karanta, ko ka sa a karanta maka. In rajistarku ta GIC ce, wato ƙungiyar haɗin gwiwar masu sana'a, irin wadda dokar Kamaru ta 1992 ta tanada, abin da kuka rubuta wa kanku shi ne madogara: wa ke da ikon fitar da kuɗi masu yawa, mutum nawa za su halarta kafin taro ya ƙullu, da wane rinjaye ake yanke magana. In kuwa kun yi rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai a ƙarƙashin dokar 2010 ta OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka), wadda ke aiki a Kamaru da Cadi, ƙa'idar ita ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya, komai yawan abin da ya zuba. Sannan ka tambayi sakatare: an rubuta bayanin taron da ya wuce? An rubuta sunayen waɗanda suka zo, da adadin masu so da marasa so? Da wuya a ce an yi. Wannan giɓin shi ne ƙofarka, kuma ƙofa ce mai mutunci, don ba ta zargin kowa.

Sai ka je wurin Alhaji, a gida, ba a kasuwa ba, lokacin da ba jama'a a zaurensa. Kada ka tafi da mutum tara, wannan tawaye ne. Ka tafi da mutum ɗaya, sa'arsa, wanda ba ya bin Alhaji komai kuma Alhaji ba ya binsa. Kada ka ambaci sunan ko ɗaya daga masu ƙorafi, ko ya rantsar da kai. Ranar da suna ɗaya ya fita, ba wanda zai ƙara gaya maka gaskiya. Kada kuma ka soki motar. Bayan gaisuwa, maganarka ba za ta wuce irin wannan ba: "Baba Alhaji, kuɗin nan gumin mutum 31 ne na shekara uku, kuma hannunku da nawa ne za su hau takarda. Mota ƙarfe ce. In gobe ta ba da matsala, waɗanda suka ce madalla su ne za su ce ba a tambaye su ba. Ina so mu ɗaure su da ƙuri'arsu a rubuce, don kada wani ya taɓa sunanku." Ba daɗin baki ba ne, gaskiya ce: wanda ya fi kowa asara in abin ya lalace bayan amshin kunya, shi ne Alhaji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In abokin tafiyarka mai karatu ne, ya san abin da zai ƙara. A Badar, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka umarni ne daga Allah ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, ya kawo shawarar a matsa kusa da ruwa, aka kuma karɓa. Ka ga ladabin: ya fara tambaya ko ƙofar magana a buɗe take, sannan ya shiga.

Batun Juma'a kuwa, kada ya ɗaga maka hankali. "Akwai wani mai so" tsohuwar waƙar dillalai ce, kai ɗan kasuwa ne, ka sha yin ta a kan buhun albasa. Mai motar da ba zai jira kwana goma a duba takardunsa ba, ya riga ya ba ku amsa. Kada a ba da kafin alƙalami ko na sefa ɗaya kafin ƙuri'a, don da zarar kuɗi sun fita, hujjar za ta koma "ai mun riga mun zuba", kuma wannan hujjar ta fi kunya ɗaure mutane.

A cikin kwana goman nan a naɗa mutum uku su kawo lissafi, ɗaya daga masu son motar, ɗaya daga masu ɗari-ɗari, ɗaya wanda ya taɓa riƙe mota ko ya yi tuƙi. Makanike ku za ku kawo shi, ku biya shi, ba wanda mai mota ko dillali ya nuna ba. A duba ko sunan da ke katin motar shi ne na mai sayarwa, lambar shasi ta jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, takardar duwan tana nan, inshora da takardar binciken lafiyar mota ba su mutu ba. A gwada ta da kaya, ba wayam ba, kuma in da hali a kan hawan dutsen nan na kafin a shiga Ngaundere, inda tsofaffin motoci ke tona asirin kansu. A tambaya a fili wa zai ci la'ada a cinikin. In ɗan ƙungiya ne, ba haram ba ne, amma a sani, kuma kada ya shiga cikin masu lissafi.

Lissafin kansa a yi shi a kan shekara, ba a kan sawu ɗaya ba. Sawu nawa ƙungiya ke yi da gaske a shekara, kuma nawa kuke biya haya a jimilla? Wata nawa motar za ta yi a ajiye in albasa ta ja baya? Me za ta ɗauko a dawowa, ko fanko za ta hauro tana shan gas? Albashin direba da yaron mota, taya, kuɗin hanya, gyara. Sai tambaya biyu da ba a cika yi ba sai an yi faɗa: in kasuwa ta tashi a kudu mutum shida suna son lodi rana ɗaya, kayan wa za a fara ɗauka? Kuma in aka cire miliyan 9 da rabi, abin da ya rage bai kai miliyan 2 ba. Da shi za a gyara inji in ya buga, ko da shi za a ba da rancen kaka da aka kafa asusun dominsa?

Ranar zama, tsarin magana ya fi maganar kanta muhimmanci. A sanar da batun kwana uku kafin taro. Masu lissafi su karanta abin da suka samo da Hausa, adadi bayan adadi, ba sharhi. Daga nan a fara jin baki daga ƙasa: mafi ƙuruciya da sababbin shiga su fara, dattawa su biyo, shugaba ya rufe. Wannan ba rage wa Alhaji girma ba ne, ai mai yanke magana shi ke yin ta ƙarshe. Irving Janis, wanda ya yi nazarin yadda 'yan majalisar shawara ta shugaban Amurka Kennedy suka yi wa juna amshi har aka kai harin da ya watse a gaɓar Kyuba a 1961, ɗaya daga cikin shawarwarinsa ga shugabanni ita ce kada su bayyana inda suka karkata tun da fari. A rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962, Kennedy har fita yake yi daga wasu zaman don mutanensa su saki baki.

Amma yaro ɗan shekara 25 ba zai yi magana a gaban mutum 30 don an ce ya fara ba. Saboda haka a raba jama'a gungu-gungu, biyar ko shida, sa'a da sa'a, na minti ashirin. Kowane gungu ya dawo da amfani ɗaya da tsoro ɗaya, wakili ya faɗa da sunan gungun, ba da sunan mutum ba. Tambayar da za a ba su ita ce: "A ce mun saya, shekara ta zagayo, motar ta cinye kuɗinmu. Me ya kashe ta?" Wannan dabara ce da wani masanin halayyar ɗan Adam, Gary Klein, ya yaɗa, kuma sirrinta shi ne ta juya kunyar: a nan wanda ya rasa abin faɗa shi ne abin kallo. Tana kuma tono abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani. Binciken wasu masana biyu, Stasser da Titus, na 1985 ya nuna taro yakan ɓata lokacinsa a kan abin da kowa ya riga ya sani, labarin da ke hannun mutum ɗaya kuwa ya tashi da shi a ciki. Kowa ya san haya ta yi tsada. Amma mai yiwuwa mutum ɗaya ne ya taɓa ganin wannan motar a kwance a gareji wata biyu. Kada dai a naɗa wani "mai suka" na wasa don a ce an ji ɓangare biyu; mutane suna gane sukar da ba ta kai zuci ba, sai ta ƙara musu ƙarfin gwiwa a kan abin da suke kai.

In zai yiwu a kwana kafin ƙuri'a, a kwana. In ba zai yiwu ba, a tashi a yi salla a dawo.

Ƙuri'ar ba ta bukatar takarda, tunda ba kowa ke rubutun boko ba, kuma sakatare ya san hannun kowa. A ba kowane mamba ƙwayar wake ɗaya da ƙwayar masara ɗaya: wake "a saya", masara "kada a saya". A ajiye tulu biyu a bayan labule, na ƙuri'a da na zubar da ragowa. Tulu na biyun nan shi ake mantawa, kuma shi ne rabin sirrin, don in mutum ya fito da ƙwaya a hannu an san abin da ya jefa. A sa tsumma a gindin kowane tulu kada a ji ƙara. Mutum ɗaya ke shiga, ba mai tsayawa a bakin labule, ko kai ko yaran Alhaji. Idan an gama a juye a faifai a gaban kowa, mutum biyu su ƙirga. In ƙwayoyi sun fi yawan waɗanda suka halarta, a sake, ba gardama.

Abu biyu a gama su kafin ƙwaya ta farko ta faɗa. Ɗaya, rinjayen da ake bukata. In dokarku ta faɗa, a bi ta. In ta yi shiru, kuɗin da suka haura kashi 80 cikin ɗari na asusu bai kamata su fita da ƙasa da kashi biyu cikin uku ba, wato 21. In aka bar wannan sai bayan ƙirga, kowa zai zaɓi ma'aunin da ya yi masa daɗi. Biyu, lafazin tambaya. Ba "kuna tare da shawarar Alhaji?" ba. A ce: "A sayi mota kaza a kan miliyan 9 da rabi daga asusu, e ko a'a?" Sunan mutum kada ya shiga. Kuma kada wani ya ce a sauƙaƙa a yi ta a WhatsApp: ƙuri'ar can tana nuna wa ya zaɓi me, kuma ukun farko da suka danna su ne dattawan zaure a sabuwar riga.

In wake ya kai 21, ka sa hannu, ko da masara ka jefa. Amanarka ita ce ka tabbatar jama'a sun zaɓa da saninsu, ba ka zaɓa musu ba. Ka dai nemi a rubuta adadin a bayanin taro, tare da wanda zai riƙe littafin motar, da tsarin layin lodi, da iyakar abin da za a kashe a gyara kafin a dawo wa taro.

In bai kai ba, aikinka na gaba shi ne fuskar Alhaji. Kada a rubuta "an ƙi", a rubuta "an ɗage zuwa bayan kaka". Matsalar da ya hango ta gaske ce, haya tana cin ribarku. A roƙe shi ya jagoranci neman mai mota ɗaya da za ku ƙulla da shi na kaka guda a farashi tsayayye, ana rubuta kowane sawu da kuɗinsa, don baɗi a yi magana da littafi a hannu. Kuma duk wanda ya fara binciken wa ya jefa masara, a tsawata masa nan take, ko daga wane ɓangare yake.

Saura in Alhaji ya ce magana ta riga ta wuce, ba sake zama. A nan ne za ka koma wa mutum taranka, ka ce kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar neman taron gaggawa, ba takardar ƙin mota ba. Za ka ga nawa za su rage. In sun cika adadin da dokarku ta nema, taro ya zama dole. In sun zame, ka nemi limaminku ko Sarkin Hausawa ya sa baki a zauna, tun kafin maganar ta kai wani ofis. In duk wannan bai yi ba, ka kai littafi da makullin akwati gaban jama'a, a ƙirga kuɗi a idon kowa, a rubuta maka shaidar cewa sun cika, ka ce a zaɓi wani ma'ajin. Washegari kuma ka je gaishe da Alhaji da sassafe kamar yadda ka saba.